Ranar da Na Sauke Kanofi a Kan Baƙin Ladi

Mahaifiyarku ta gaya mini abin da kuke ƙullawa a bayan idona. Wai kai Nasiru, da yake kai ne babba, za ka ja ƙannenka bayan Sallah ku je gidan Hindatu ku durƙusa ku ba ta haƙuri a madadina, a kan abin da ya faru ranar bikinta. To ku buɗe kunnuwanku da kyau. Ku je gidan Hindatu, 'yar'uwarku ce, 'yar ƙanwata Ladi ce da muka fito ciki ɗaya. Ku kai mata tsaraba, ku ɗauki 'ya'yanta, ku ci abincinta. Amma duk wanda ya buɗe baki a cikinku ya ce Baba ya yi kuskure a yafe masa, ban aike shi ba. Ina raye, hannuna yana iya riƙe biro, kada wanda ya ari bakina ya ci mini albasa. Shekara da shekaru kuna jin labarin nan daga bakin matan unguwa, waɗanda rabinsu suna can wajen tukwane lokacin da abin ya faru, ba abin da suka gani sai hayaƙi. Yau za ku ji shi daga wanda ya yi.

Dole in fara da Legas, don ba a Suleja na koyi kallon sama ba. Ina saurayi na bar Zariya na gangara can, na yi gadi, na yi dako, daga ƙarshe Allah Ya ajiye ni a wani wurin shaƙatawa a bakin teku inda masu hali suke zuwa wasa da iska. Kada ku yi dariya, wasa da iska na ce. Mutum zai hau wani dogon allo mai filafili a tsaye, ya riƙe da hannu biyu, iska ta kwashe shi a kan ruwa yana sheƙa gudu kamar ɗan acaba. Daga baya aka zo da wata sabuwa da suke kira kait, ƙatuwar laima ce ta leda mai dogayen igiyoyi. Mutum ya ɗaura ta a ƙugu, ita tana can sama tana jan sa, shi yana ƙasa a kan ɗan allo. Aikina in fito da kaya, in wanke musu gishiri, in shanya, in ninke, in riƙe wa mai wasa gefen laimarsa har ya ɗaga mini yatsa in saki. Ban taɓa hawa ba, har yau ban iya ruwa ba, amma abincina a kan iska yake, don ranar da babu ita babu baƙi.

Mai kwale-kwalen ceto a wurin wani dattijo ne daga wajen Badagiri, ana ce masa Baba Hunsu, masunci ne kafin ya zo. Shi ke bin wanda iska ta yar ya tsamo shi. Ina sabon zuwa ya same ni na ƙura wa tutar da aka kafa a yashi ido, wadda ke nuna inda iska ta dosa. Sai ya kama haɓata ya ɗaga kaina sama kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa.

"Malam, bar tutar nan," ya ce da Turancinsa na broka. "Abin da ake ciki yanzu kaɗai ta sani. Na anjima yana can sama."

Shi ya koya mini cewa iska hawa-hawa ce. Akwai ta ƙasa, wadda kake ji a jikinka. Idan rana ta take ƙasa ta yi zafi, sai iska mai sanyi ta taso daga teku ta shigo tudu, a hankali, ba gardama. Ita masu wasa suke so, don ko mutum ya faɗi, gaɓa za ta turo shi. Sannan can ƙololuwa akwai wata da ba ka jin ta, sai dai ka ga aikinta a jikin gajimare, kuma a ƙasar nan daga gabas take zuwa. Idan ta yi laushi, ta ƙasa za ta wuni tana abinta. Idan kuwa ta yi ƙarfi a lokacin da hadari ke haɗuwa, sai ka ga gajimaren ƙasa suna tafiya gabas, siraran na sama suna gudu yamma, sun saɓa hanya. Sai wani ya miƙe a gabas kamar an tara auduga, kansa ya baje ya yi faɗi ya leƙo ta kanku. Daga nan iskar ƙasa ta ɗauke ɗif. Wannan ɗaukewar ita ce mugun abu, don abin da ke biyo bayanta iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga sama gaba ɗaya, ta juyo daga tudu ta nufi teku, kuma ba ta sallama. Masu wasan da suka san abin da suke yi sukan duba taswirar iskar sama a kwamfuta kafin su baro gida, abin da suka gani da abin da Baba Hunsu ya gani yakan zo ɗaya. Duk da haka ba kullum take faɗowa a kanku ba. Wata rana alamu duk su cika, a busa usur a fito da kowa daga ruwa, hadarin ya goce ya wuce ta gefe, baƙi su yi ta ƙunƙuni suna tattara kaya.

Ranar da ba ta goce ba na gani da idona. Wani saurayi ne, Tunde, mai fara'a, kullum sai ya tsokane ni ya ce yaushe zan hau. An busa usur, kowa ya fito, shi ne na ƙarshe. Ya riga ya taka yashi, laimarsa na sama bai sauke ba, yana dariya yana cewa ai iskar ma ta mutu. Bai rufe baki ba ta faɗo. Ta ɗaga shi sama ya wuce rufin sito, ta ja shi a iska, ta maka shi da katanga. Ni na riƙe ƙafafunsa muka sa shi a mota, ta dama tana juyawa a hannuna kamar babu ƙashi a ciki. Ya rayu, amma a keken guragu ya dawo gaishe mu. Kuma ku lura, leda ce da igiya ta yi masa haka, babu ƙarfe ko ɗaya a jikinta.

Da ƙarfina ya fara raguwa na haɗa ya-nawa-ya-nawa na dawo Arewa. Ban koma Zariya ba, na tsaya Suleja, don lokacin kowa Abuja yake aiki Suleja yake kwana, kuma inda mutane suka taru ba a rasa biki da suna da zaman makoki. Na sayi kanofi da kujerun roba na fara ba da haya. Tun ranar da na fara ɗaga kanofi na gane tsohuwar sana'ata ce ta biyo ni. Tamfol ne shimfiɗe a sama yana jiran iska, sai dai wannan yana da ƙafafu da haƙarƙari na ƙarfe, kuma mutane ne zaune a ƙarƙashinsa. Shi ya sa nawa ba ya tsayuwa sai da turaku. Kowace ƙafa sai an buga mata turke a ƙasa an ɗaure da igiya. Abokan sana'a suna yi mini dariya, su bulo suke jinginawa su tafi abinsu. Ko a jikina.

Gwaggonku Ladi ni na je na ɗauko ta daga Zariya bayan mijinta ya rasu ya bar ta da Hindatu. A gidan nan suka sauka, a ɗakin da kuke ajiye buhunan masara yanzu. Ladi mace ce mai zuciya, ba ta zauna tana jiran a ba ta ba. Ta fara da atamfa a kai tana bin gidaje, ta koma shago, ta zo ta yi gidanta a sabuwar unguwa. Wallahi ina alfahari da ita. Mu biyu muka rage wa iyayenmu, kuma tun tana rarrafe ni ke goya ta. Idan ta shigo gidan nan tun daga zaure take ƙwala kira, "Yaya! Ina Yaya?" ta wuce kai tsaye ta buɗe kwanon abincina ta ci naman ta bar mini ƙashi. Kun gan ta tana yi, ba ƙarya nake mata ba.

Yanzu ga maganar da aka gina ƙaryar a kanta. Gaskiya ne mahaifiyarku ta taɓa ce wa Ladi, me zai hana a haɗa Nasiru da Hindatu, a yi tuwona maina. Ladi ta ce yarinya tana da wanda take so, wani ma'aikaci a Abuja, mutanen Kano ne. Da aka gaya mini na ce Allah Ya sa alheri, kai ma Nasiru ka ce dama kai ƙanwa ka ɗauke ta. Iyakarta ke nan. Ba a kai goro ba, ba a tura kowa ba, hira ce ta mata a tsakar gida ana tsinke alayyafo. Da lokacin auren ya zo dangin ubanta suka ba ni girma suka ce ni zan ba da ita, kuma ni na ba da ita da bakina a masallaci. Kayan wuni kuwa, kanofi da kujeru, na ce duk nawa ne, gudummawata ke nan.

Ana saura kwana kaɗan na je duba wuri, sai na tarar Ladi ta shimfiɗe tsakar gidanta da ƙofar gida da intalok, daɓen nan na ƙananan bulo da ake jerawa, sabo fil, ko ƙasa ba a gani.

"Ladi, turaku fa? A ina zan buga?"

"Yaya, wallahi ko ƙusa ba za a buga mini a nan ba. Shekaranjiya aka gama shi. Mutanen Abuja ne za su zo."

"Su mutanen Abuja babu iska a garinsu?"

"Ka ɗaura bulo mana, kamar yadda kowa ke yi."

"Zan ɗaura. Amma ki ji ni da kyau, lokacin ruwan farko ne. In na ga sama ta canza, saukewa zan yi."

Ta tuntsire da dariya ta tafa hannu. "To Sarkin Sama, Allah Ya ja zamaninka. In ka gani ka sauke."

Ta ce in sauke. Mahaifiyarku tana tsaye a wurin da tire a hannu, ku tambaye ta, tana nan da ranta.

Ranar wuni aka tashi da zafi irin na ƙarshen bazara, wanda mutum yana zaune gumi na bin bayansa. Da safe aka ɗaura aure, bayan azahar mata suka cika gidan maƙil. Kun san wuni na mata ne, namiji ba ya shiga, sai mai kiɗa da ke can gefe da na'urarsa. Manyan kanofina suna jere an haɗa su da juna, kowace ƙafa da bulo ɗaure. A ƙarƙashinsu akwai tsofaffi, akwai masu goyo, akwai yara suna rarrafe tsakanin kujeru, ga amarya a tsakiya, ga dangin ango cikin ankonsu an ba su wuri mafi kyau. Ni ina waje a kan benci ƙarƙashin mangwaro tare da Iliya direbana da sauran ma'aikatana, muna jiran a tashi mu kwashe. Na ɗaga kai, don ɗabi'ata ce, ko alwala nake yi sai na ɗaga. Sai na ga gajimaren ƙasa suna tafiya gabas, siraran na sama suna gudu yamma. Na miƙe na fita tsakiyar layi inda gini bai tare ni ba. Can ta bayan Gauraka, garin da ke maƙwabtaka da mu, ga hadari ya miƙe, fari a sama baƙi a ƙasa, kansa ya fara bajewa yana leƙowa. A kanmu kuwa rana ce tarwai.

Na tare wata mata da za ta shiga na ce ta kira mini Ladi. Ta dawo ta ce wai in ɗan jira, yanzu uwar ango za ta yi wa amarya nasiha. Na sake aikawa, na ce a gaya mata maganar da muka yi ce ta taso. Ba ta fito ba. Ina tsaye ina kallon ƙofa sai na ji gumin bayana ya daina bushewa. Na duba mangwaro, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Ledar da ke yawo a layin ta kwanta a inda take. Ƙafar Tunde ta dawo mini a tafin hannu. Na ce wa Iliya su biyo ni. Na zagaya na kashe janareta, kiɗa ya ɗauke, na kutsa cikin mata da maza a bayana.

"Ku yi haƙuri, iyayena," na ce da ƙarfi. "Kowa ya tashi ya shiga daga ciki. Iska na zuwa."

Wata ta ce, "Wace iska kuma? Ganye ma ba ya motsi."

Na ce, "Shi ya sa."

Ban tsaya jayayya ba, don babu lokacinta. Na sa hannu na fara kwance tamfol, tunda shi ke kama iska, in an cire shi ƙarfen ba zai tashi ba. Mata suka yi ca, wasu na salati, wasu na zagi, ana janye yara, kwanonin shinkafa na kifewa. Rana ta sauka a kan teburin dangin ango. Uwar ango tana riƙe da makirfon da ya mutu a hannunta, babbar mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta dubi Ladi.

"Hajiya, wannan wane ne?"

"Yayana ne."

"To mu a gidanmu idan an gaji da baƙo sallamarsa ake yi. Ba a cire rufi a kansa."

Ta ajiye makirfon, ta gyara mayafi, mutanenta suka miƙe gaba ɗaya. Ladi ta sheƙo ta riƙe mini hannun riga. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Yaya, don girman Allah. Don darajar iyayenmu da ke ƙasa. Ka bari su tafi tukuna."

"Ladi, sakar mini hannu. Ki shigar da yaran nan ciki."

Ta durƙusa a kan intalok ɗinta a gaban jama'a tana roƙona, ni kuma na ci gaba da kwance igiya. Wannan ya faru, ban ɓoye muku ba. Ina jin Hindatu tana kuka a bayana, ban juya ba. Har muka sauke na ƙarshe muka kwantar da ƙarafan a jikin katanga, motocin dangin ango sun riga sun fita layin, abincinsu ko taɓawa ba su yi ba.

Gari ya yi duhu. Iska mai sanyi ta bugo, ta kifar da kujerun da ba kowa a kai, ta fizge ɗankwalin wata, ta watso yayyafi. Sai kuma hadarin ya karkata ya bi ta arewa da mu ya wuce. Kafin a kira la'asar rana ta dawo, tana haska tsakar gida da kujeru a warwatse da shinkafa a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, kuma na tabbata ni kaɗai na faɗe ta a gidan nan. Mata suka fito daga ɗakuna suna kallon sama suna kallona. Ladi ta tashi ta shige ɗakinta ta turo ƙofa.

Da yamma Iliya ya kai kaya ta Gauraka ya dawo yana riƙe da baki. Rumfunan masu abinci na bakin titi sun kife, kwanon rufi yana kwance a kan kwalta, allon talla na ƙarfe ya lanƙwashe ya rufta kan wata mota a garejin makanikai. Washegari na gaya wa duk wanda ya tsaya saurarona. Kun san abin da suka ce? Wai Gauraka daban, Suleja daban. Haba jama'a! Gauraka da ɗan acaba zai kai ka kafin ku gama gaisawa? Hadarin da ya taso tun daga inda ido ba ya kaiwa, don ya kauce da ɗan wannan, shi ke nan na zama maƙaryaci? Ni na ce muku ina da linzaminsa a hannu? Abin da na sani shi ne alamu sun cika, kuma ƙarfe na tsaye a kan jarirai ba turke ko ɗaya. Wanda ya ce yana iya faɗin layin da iska za ta bi da wanda za ta tsallake, ku kawo mini shi in ga ƙaryarsa.

Ba a yi mako ba labari ya canza kama. Wai baƙin ciki ne. Wai na nema wa ɗana yarinya an hana ni, na haɗiye, na jira sai da gida ya cika da baƙi na watsa wa ƙanwata ƙasa a ido. Tir da bakin da ya fara faɗin wannan. Mai baƙin ciki da aure shi zai zauna a masallaci ya ba da shi? Shi zai kwashi kayan sana'arsa kaf ya kai kyauta? Amma ƙarya ta fi gaskiyata daɗin ji, don ita ba sai an ɗaga kai an kalli gajimare ba. A kasuwa aka laƙaba mini Sarkin Sama, sunan da Ladi ta kira ni da shi cikin wasa ya koma abin tsokana a bakin 'yan acaba. Masu biki suka guje ni, kowa na cewa kada ana tsakiyar sha'ani ya zo ya tsiraita mu. Sai zaman makoki ake kirana, shi ma don mai makoki ba ya zaɓe. Hindatu ta tare, amma ta sha gori a gidan miji, duk abin da ta yi sai a ce ai 'yar gidan da ake cire wa baƙi rufi ce. Wannan ya ci mini rai fiye da komai, don yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba. Kai ma Nasiru ka daina zuwa majalisa, na lura, ko da yake ba ka taɓa yi mini maganar ba.

Ladi kuwa ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta daina zuwa gidan nan. Na je da kaina, na je da limamin unguwarsu, na tura mahaifiyarku ta dawo tana share hawaye. In na shiga za ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwa a kofin baƙi, ta zauna nesa ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Alhaji! Yarinyar da na goya, na wanke wa majina, ita ce ke ce mini Alhaji kamar na zo sayen atamfa. Dattawa suka ce in ba ta haƙuri a wuce wurin. Na ce zan ce mata na ji zafin kunyar da ta sha, don na ji, har yanzu ina ji. Amma in ce na yi kuskure, in ce da za a sake ba zan sauke ba, wannan ƙarya ce, kuma ba zan yi wa ƙanwata ƙarya don ta buɗe kwanon abincina ba. Suka ce taurin kai gare ni. Na ce a gidanmu aka raba mana shi, ni da ita, ba a cuci kowa ba. Haka muka yi shekaru, gari ɗaya, ana haɗuwa a gidan suna a gaisa kamar maƙwabtan da suka yi rigimar kwata.

Da ta kwanta ciwo ya yi tsanani aka dawo da ita gida daga asibiti, ita ta aiko a kira ni. Na je da hantsi. Ta rame har na kusa kasa gane ta, sai idanun nan nata da ba su canza ba. Ta sa matan da ke ɗakin suka fita. Na zauna a bakin gado, fanka na juyawa a kanmu.

"Na san ba don Nasiru ka yi ba," ta ce.

"Yaushe kika sani?"

"Tun ranar. Na ga fuskarka. Tsoro ne a cikinta."

Wallahi na zo da niyyar in yi mata bayani tun daga Legas, ashe ba ta buƙata. Duk shekarun nan da ake yawo da sunana a gari, ana nuna ɗana da baki, kalma ɗaya daga gare ta ta isa ta kashe maganar, kuma tana da ita a baki ta riƙe.

"Kin sani, Ladi? Kin sani kika bari ana ce mini mai baƙin ciki? Me na yi miki da zafi haka?"

"Ka bar ni a durƙushe." Ta numfasa da ƙyar. "Da ka bari iskar ta faɗo mana, da an ce ikon Allah ne, da jaje za a zo mini. Da ka cire da hannunka, kallo aka zo yi."

"Ko da a kan Hindatu ta faɗo?"

Ta mai da idonta kan silin, ta ce in ba ta ruwa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya. Na gyara mata filo, na kafa mata kofin a baki. Fushi yana cina, amma sai da na sa hannu biyu don kada ruwan ya zuba mata a wuya.